Memorin da na saya wa rediyon Baba, da wanda ya cinye muna karatun Malam

Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan da na sayi memori guda biyu, ɗaya SanDisk Ultra mai giga 32 na sa ma rediyon Babanmu, ɗaya kuma Samsung EVO Plus mai giga 64 yana cikin wayata, kuma sai yanzu na ga ya dace in yi magana a kansu don ba na son in yabi abu sati biyu da sayensa, memori ba a gane halinsa ranar da anka ɓare shi daga kwali, sai ya sha zafin Sakkwato na watan huɗu da biyar, ya sha ƙurar hunturu, an cire an mayar, batiri ya mutu ana tsakiyar turi, sannan a san ko na gaske ne. Waɗanga biyun duk sun ga wannan kuma har yau ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Amma kafin in kai ga yabonsu sai na faɗi abin da ya sa na tashi na kashe kuɗi haka a kan abin da bai kai farcen yatsa girma ba, don wallahi da can ni ma ina cikin masu cewa memori memori ne, wanda ya fi arha shi za a ɗauka.

Babanmu idonsa ya yi rauni sosai, karatun littafi ya gagara, abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne sauraro. Yana da ƴar rediyon nan mai caji da ake sa ma memori a gefe, mai fitila a kai, kullum tana gefen buzunsa a zaure nan Mabera, daga asuba har bayan isha'i ba ta hutawa. Akwai wani malami da sunka yi karatu tare tun suna samari, shi ne ke karantar da su littafi a zaurensa kusa da Kanwuri duk daren Alhamis, ni nake kai Baba a kan mashin, kuma da na ga Malam ya fara manyanta sai na riƙa ɗaukar karatun a waya. Kusan shekara biyu ina wannan ɗauka. Wayar ta cika, kullum sai ta rubuto min babu wuri, WhatsApp ma ya ƙi sauke hoto, shi ne ranar wata Asabar na shiga kasuwa wajen masu kayan waya na ce ina son memori babba. Wani yaro ya ɗauko min guda a ɗan kwali mai ƙyalli, an rubuta 128 a jiki da sunan wani babban kamfani, ya faɗi kuɗin da bai kai na mai giga 32 a shagon kusa da shi ba. Na ce masa ya haka, ya ce "yallaɓai kaya ne sunka shigo da yawa, sari munka yi." Ya sa a wayata, waya ta nuna 128 ɗin nan ɓaro-ɓaro, na biya na tafi ina murna.

Daren nan na kwashe karatun Malam gaba ɗaya na mayar cikin memorin, da hotunan bikin ƙanwata, da bidiyon sunan ɗana na fari, kuma na goge na cikin wayar don dama wurin nake nema. Na buɗe fayil biyu uku na farko na ji suna yi lafiya lau. Sai bayan wata huɗu Allah Ya yi wa Malam rasuwa, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makoma. Bayan addu'ar bakwai Baba ya kira ni zaure ya ce, "Kai ɗan nan, sa min karatun Malam na ƙarshe-ƙarshen nan in ji muryarsa." Na durƙusa gefensa na buɗe foldar, sunayen duk suna nan a jere da kwanan wata yadda na rubuta su, na danna na ƙarshe shiru, na danna na samansa waya ta ce ba za ta iya buɗe fayil ɗin ba, na yi ta hawa sama ina dannawa hannuna har rawa yake, sai da na kai karatun watannin farko sannan murya ta fito. Baba bai ce komai ba, ya juya carbinsa kawai ya ce "to, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri," amma na ga fuskarsa, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Washegari na kai wa wani abokina mai gyaran kwamfuta a wajen Emir Yahaya, shi ne ya buɗe min ido. Ya sa memorin a rida, wato ƴar na'urar da ke haɗa kati da kwamfuta, ya kunna wata ƴar manhaja da ake kira H2testw, aikinta ta cika memorin da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta yana nan. Da yake ita tana rubutu ne a wurin da ya rage, sai da munka kwafe ɗan abin da ke buɗewa tukuna munka share katin. Sakamakon ya nuna abin da ke ciki na gaskiya bai kai giga 8 ba. Ya min bayani cewa cikin kowane memori akwai wurin ajiya sannan akwai ɗan ƙaramin sashe da ke gaya wa waya girman katin, masu jabu wannan sashen suke yi wa dabara ya riƙa cewa 128, waya kuma ba ta da hanyar ƙaryata shi, abin da ya faɗa shi take nunawa. Kana turi yana karɓa yana rubuta suna a jeri, amma da zaran ya wuce ainihin cikinsa sauran ko dai iska yake bi ko ya hau kan na baya ya murƙushe shi. Na ce to a gwada manhajojin dawo da abin da anka goge irin su Recuva da PhotoRec, ya ce zai gwada don hankalina ya kwanta, amma abin da ba a taɓa rubutawa ba ba a dawo da shi. Haka kuwa aka yi. Daga cikin wayar ma munka nema, amma wata huɗu ina amfani da ita, sababbin abubuwa sun riga sun hau kan wurin.

Na koma shagon, yaron ya ce shi ma haka ya saro, wataƙila kuma gaskiyarsa, don da yawansu ba su san abin da suke sayarwa ba, kwali ne yake zuwa masu daga Kano ko Legas su rataye. Ya ce zai canza min da wani. Na ce ya bar shi, abin da na rasa ba a kwali yake ba.

To daga nan ne na zauna na koyi abin nan da kyau kafin in sake saye, kuma shi ne nake so ƴan uwa su sani, musamman masu saya wa iyaye. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne memori na gaske ba ya nuna lambar da ke jikinsa cif, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Nawa mai 64 a kwamfuta 59 da ɗigo yake nunawa, na Baba mai 32 yana nuna 29 da wani abu, mai 128 na gaske wajen 119 zai nuna. Dalili shi ne kamfani da dubu-dubu yake lissafi, kwamfuta kuma da 1024 take nata, sai lambar ta ragu. Na sha ganin mutum ya dawo shago yana faɗa wai an yanke masa giga biyar, alhali shi ne ma ya samu na ƙwarai. Wasu wayoyin suna zagaye lambar su nuna maka 64 ɗin, don haka abin da waya ta nuna ba hujja ba ne ko ta wane ɓangare, gwajin cikawa da karantawa shi ne kaɗai shaida.

Na Baba na fara saye, kuma nan ne na kusa yin wani kuskuren. Niyyata in saya masa 64 ko 128 na gaske don in huce haushi, sai mai shagon da abokina ya tura ni wurinsa, wani dattijo mai haƙuri, ya tambaye ni a me za a sa. Na ce rediyo. Ya ce "Malam, kawo rediyon tukuna ko ka ɗauki 32, yawancin waɗanga rediyoyin ba su karanta abin da ya wuce nan." Gaskiya ya faɗa. Katin da ke tsakanin giga 4 zuwa 32 shi ne ake rubuta wa SDHC kuma da tsarin ajiye fayil da ake kira FAT32 yake zuwa, daga 64 zuwa sama kuma SDXC ne mai tsarin exFAT, su kuma ƙananan rediyoyi da sifikun bulutut masu arha da ƴan wayoyin nan masu madanni FAT32 sunka sani. Ka sa masu babba sai su yi shiru kamar ba a sa komai ba, mutum ya ɗauka memorin ne ya lalace. Akan iya yi wa mai 64 fomat ya koma FAT32 wasu rediyoyin su karɓa, amma Windows bisa al'ada ba ta ba ka wannan zaɓin in kati ya wuce 32 sai ka nemo wata manhaja, kuma ba kowace rediyo ce za ta yarda ba ko an yi. Ni dai ban ga amfanin wahalar ba.

Kuma fa 32 ɗin ba ƙaramin wuri ba ne in sauti ne kawai, mu yi lissafi. Sautin MP3 mai inganci na 128 kbps, wato ma'aunin nauyin sauti, yana cin kusan mega ɗaya a minti, awa guda ke nan wajen mega 58. Giga 32 zai ɗauki sama da awa 500. Tafsirin azumi guda, a ce awa biyu kullum har kwana 30, awa 60 ke nan, bai kai giga 4 ba. In kuma karatu ne ko wa'azi da anka matse zuwa 64 kbps, wanda ga muryar mutum ya wadatar, sai ka ninka, sama da awa dubu. Yanzu haka a katin Baba akwai Alƙur'ani cikakke na makaranta biyu, tafsirin shekara uku, waƙoƙin bege da na wa'azi na Fulatanci da Hausa da yake so, da ɗan abin da ya tsira na karatun Malam, kuma duk da haka rabin katin bai cika ba. Don haka masu ce wa tsoho sai an saya masa 128, ku tambayi kanku me za a zuba.

SanDisk Ultra ɗin nan a rediyo babu abin da zan ce sai alheri. Ana kunnawa take kamawa, ba ta yin wannan dogon tunanin da take yi da tsohon katin da ya zo da ita, ba ya tsallake karatu, ba ya yankewa a tsakiya. Rediyon tana kwana a zaure, da rana in an ɗauke wuta zauren nan kamar tanda yake, a watan huɗu zafin garin nan yana haura digiri 40 kowa ya sani, jikokinsa sun cire katin sun fi a ƙirga, sau ɗaya ma a cikin tabarma munka tsinto shi bayan kwana biyu ana nema, na hure shi na goge da gefen riga na mayar ya ci gaba daga aiki. Abin da ya ba ni wahala ba laifin katin ba ne, halin rediyon ne, ita ba ta bin sunan fayil, yadda anka tura su haka take jero su, sai ka ji Baƙara ta ƙare an faɗa Yasin. Sai da na share na sake turawa ɗaya bayan ɗaya a jere, na sa masu lamba 001, 002 har 114, kowane makaranci da foldarsa, sannan ta daidaita. Wannan aikin ya ci min dare guda amma Baba yanzu da kansa yake lalubawa ya danna, ya san in ya danna sau kaza zai kai surar da yake so.

Wani abu kuma da ke rikita mutane, saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, opus ne, haka abin da wayoyi da yawa ke ɗauka da rikodarsu yakan fito a m4a ko amr, rediyo ba ta san su ba. Ƙanwar Baba da ke Illela takan aiko masa da gaisuwa ta murya doguwa, na tura a katin rediyo ta ƙi gani, na ɗauka katin ne ya fara, ashe sai an juya shi zuwa MP3 tukuna. Masu turi na bakin kasuwa sun san wannan, in ka gaya masu a rediyo za a sa za su juya maka.

Tunda na ambaci masu turi bari in tsaya a kansu kaɗan, don su ne rabin dalilin da ya sa memori ke da daraja a garin nan. Data ta yi tsada, netwok a unguwanni da yawa sai a hankali, balle ka fita ƙauye wajen Wurno ko Gwadabawa, ba kowa ne zai zauna yana kallon YouTube ba. Mutum ya kai katinsa wajen yaro mai laptop a ƙarƙashin lema, a cika masa da wa'azi ko fim ko waƙa da kuɗi kaɗan, ya koma gida ya yi wata yana saurare ba tare da ya sayi data ko ta naira ɗaya ba. Ƴan kabu-kabu, masu shayi, mata a cikin gida, makiyaya da ke shigowa Kara ranar kasuwa, kowa da ɗan katinsa. Sana'a ce mai amfani ƙwarai kuma ina girmama su. Amma kwamfutar da kati ɗari ke shiga a rana ba ta rasa ƙwayar cuta, wannan da ke ɓoye foldoji ta mayar da su gajerun hanyoyi, sai ka dawo gida ka ga kamar an share komai. Shi ya sa na ware, katin da ke zuwa wajen turi daban, ɗan ƙarami mai giga 8, wanda ke da hotunan iyali da muryoyin mutanena kuma ba ya shiga kwamfutar kowa sai tawa.

Sai na waya, Samsung EVO Plus mai 64. A nan ne sauri yake da muhimmanci, a rediyo kowane kati na gaske da take iya karantawa zai yi. Waɗannan ƴan alamomin da ke jikin kati ba ado ba ne. Lamba 10 a cikin da'ira tana nufin ba zai gaza rubuta mega 10 a daƙiƙa ba, U mai 1 a ciki ma haka, U mai 3 ko V30 kuma mega 30 ne, shi ne ake so ga mai ɗaukar bidiyo mai nauyi irin 4K. A1 da A2 kuma na masu son ɗora manhajoji a kan katin ne. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, wadda ke cewa ɗari da wani abu, ta karatu ce ba ta rubutu ba, kuma sai da rida mai kyau ake kusantarta, kar ka sa rai wayarka za ta kai nan. Ni abin da na gani da idona shi ne galari na buɗewa nan take ko da hotuna sun haura dubu, bidiyon walima na minti ashirin na ɗauka kai tsaye a kan katin bai yi tsalle ba, kuma turi daga Xender ba ya tsayawa rabi ya ce an samu matsala kamar yadda jabun nan ke yi. Jabun ai fim ɗaya sai ka yi sallar la'asar ka dawo bai gama ba, tun a nan ya kamata in gane.

Lokacin da ka sa sabon kati wasu wayoyin Android za su tambaye ka, a yi amfani da shi a matsayin ma'ajiyar cikin waya ko kuwa ta tafi-da-gidanka. Wannan zaɓin ya shigo tun Android 6 a 2015, kuma mutane na danna na farko don suna ganin wayar za ta ƙara girma. Ni shawarata a zaɓi na biyu. In ka haɗe shi da cikin waya, wayar kulle katin take yi da mabuɗin da ita kaɗai ta sani, ranar da ta faɗa ruwa ko allonta ya mutu ko anka yi mata filashin, katin yana hannunka lafiyarsa ƙalau amma babu wata waya ko kwamfuta da za ta karanta shi. Amfanin memori ai shi ne in waya ta mutu ka zare abinka ka sa a wata.

Kuma kafin ka saya ka duba wayarka tana da wurin sa shi ma kuwa. Tecno da Infinix da itel da munka fi riƙewa a nan yawancinsu suna da shi, shi ya sa ma suke da farin jini wajen talaka. iPhone ba ta taɓa yin wurin memori ba, Samsung ma ta cire shi daga manyan wayoyinta na S tun daga S21 a 2021, ko da yake da yawa daga cikin ƴan A suna da shi. Wasu kuma tiren nasu na zaɓi ne, ko layi na biyu ko memori, ba duka ba, wanda ga mu masu riƙe layi biyu saboda netwok, wani ma har da layin Nijar don harkar Illela da Ƙonni, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Ka zaro tiren ka ƙirga ramukan da idonka, in uku ne ka huta.

Maganar kuɗi, ba zan rubuta farashi ba don kafin ka karanta wannan ya canza, kayan nan da dala suke tafiya. Abin da zan ce shi ne na gaske mai 32 ya fi jabu mai 128 tsada a ranar da na saya, kuma wannan kaɗai ya isa alama, duk wanda ya ba ka giga mai yawa a kuɗin da bai kai na maƙwabcinsa mai ƙaramin giga ba, ka ajiye masa abinsa. Kwali ba ya nuna gaskiya yanzu, masu jabu sun iya bugu, har ɗan ƙyallin nan suna yi. Akan gane wasu ta rubutun da ya yi dishi-dishi ko fentin da ke gogewa in ka murza da yatsa, akwai kuma manhajar SD Insight da ke nuna sunan kamfanin da ke rubuce a cikin katin, tana taimakawa in ta nuna maka babu suna ko wani suna daban, amma ba ta kai gwajin cikawa ba. Dattijon da na saya wurinsa abin da ya sa na yarda da shi shi ne da na ce zan kai a gwada, bai ɓata rai ba, ya rubuta min rasit ya ce in ya faɗi gwaji in dawo masa da shi ko an ɓare. Na kai, na 32 ya ɗauki kusan awa ɗaya, na 64 ya fi haka, duka biyun sunka fito babu kuskure ko ɗaya. Mai shagon da ya ce in an ɓare ba a dawowa kuma bai yarda a gwada a gabansa ba, ni dai na bar saye a irin wurin.

Duk da yabon da na yi masu ba zan ce maku ba su mutuwa ba. Kowane memori yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai ɗauka, in ya tsufa wani sai ya kulle kansa, ka goge abu ka ga ya dawo, ka tura abu ka ga bai zauna ba, in ka ga haka maza ka kwashe kayanka don sallama yake yi. Shi ya sa masu kyamarar tsaro ta shago da ke rubutu dare da rana akwai nasu daban da ake rubuta wa High Endurance, kar a sa masu irin nawa. Sannan katin da anka jefa a akwati shekara da shekaru ba a sa shi a komai ba, ga zafi, shi ma yana iya fara zubar da abin da ke ciki. Kamfanonin nan suna ba da garanti na shekaru, amma kati za su canza maka, ba su biyan abin da ke ciki. Don haka yanzu duk abin da ba zan iya sake samu ba wuri uku yake, a katin waya, a laptop ɗina, sannan ranar da na samu wayfai a wurin aiki in ɗora a Google Drive, giga 15 ɗin da suke bayarwa kyauta ya ishi sautuka da hotuna masu muhimmanci. Kuma na daina mayarwa, kwafa nake yi, sai na buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe na tabbatar suna yi kafin in goge na asali. Haka nan ba na zare kati waya na kunne sai na shiga saiti na cire shi tukuna, rediyon Baba ma na koya wa yaran gida su kashe ta kafin su taɓa.

Wa zan ce ya sayi wanne? Mai rediyo ko sifika ko ƙaramar waya, SanDisk Ultra 32 ko ma 16 in ya samu na gaske ya ishe shi har ya yi yawa. Mai babbar waya da ke ɗaukar hoto da bidiyo, 64 ko 128 na EVO Plus ko makamancinsa, Kingston ma abokina mai gyara yana yabonsa ko da yake ni ban riƙe shi ba. Ɗalibai na jami'ar Ɗanfodiyo da ke tara littattafai da laccoci a waya, 64 zai kai ku har ku gama.

Karatun Malam kuwa, bayan abin ya faru na bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko akwai wanda ya ɗauka. Na samu mutum biyu, ɗaya a Gidan Dare ɗaya a Runjin Sambo, wayoyinsu ƙanana ne sautin da hayaniyar fanka da kukan yara a ciki, amma muryar ce. Mun haɗa nasu da abin da ya tsira a wurina munka samu zama 41, na juya su duka zuwa MP3 na jera da kwanan wata, na sayi ƙarin kati uku masu 16 a wurin dattijon nan na gwada su, na zuba, na kai ɗaya gidan Malam na ba babban ɗansa, biyu na ba waɗanda sunka taimaka. Na ƙarshen da munka samu na sati uku ne kafin rasuwarsa. Daren Alhamis ɗin da ya wuce na shiga zaure bayan isha'i na tarar da Baba da abokansa biyu sun zagaye rediyon, Malam yana fassara wani baiti yana tari a tsakani, Baba ya ɗaga min hannu alamar in zauna kar in yi magana, na zauna a bakin ƙofa har anka shafa.